Ƙofar Masu Rarrafe

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya danne ta da duwatsu, Ya zuba tekuna Ya yi musu iyaka, Ya bar wa 'yan Adam ginin ƙofofi, su kuwa suka gina su yadda suka ga dama. Ni ne Nomau ɗan Barmo, mutumin ƙasar Gadambo, wanda ya taka inda raƙumi ya ƙi takawa, ya sha ruwan da kifi ya yi ƙaura ya bari, ya gaida manya har gwiwarsa ta yi kanta. Na fita neman ilimi, na dawo da tambayoyi. Na fita neman dukiya, ta hango ni ta sake hanya. Cikin yawace-yawacena duka tafiya ɗaya ce ta yi wa wani amfani, ita zan ba ku labarinta.

Ƙasarmu ba ta da zinariya, ba ta da azurfa. Abin da Allah Ya ba mu kurmin kaɗanya ne a bayan gari, tsofaffin itatuwa waɗanda ba wanda ya san farkonsu. Da damina ta kawo kai mata sai su fita tsintar kaɗe, su shanya ƙwara, su daka, su soya, su niƙa, su yi ta bugu har mai ya taso. Babbarsu a wannan aiki ita ce Gwaggo Lanti, yayar mahaifina, wadda ta rene ni bayan rasuwarsa. Man nan fatake ke ɗauka su kai can bayan teku, Birnin Kyarma, inda sanyi ke tsaga wa mutane leɓe da dunduniya. In ba su shafa man kaɗe ba, ko murmushi suka yi sai jini. Amma ban taɓa jin ɗayansu ya ce yana bukatarsa ba. Cewa suke taimakonmu suke yi da suke saye.

Birnin Kyarma ƙofar fatake biyu gare shi. Akwai babba, inda duk wanda ya shigo da kaya sai an kwashe rabi da sunan kuɗin fito. Akwai kuma wata 'yar gajera a gefe, sai ka durƙusa kake shiga, a can ba a karɓar komai. Masu hikimar birnin sun raba ƙasashen duniya gida uku, masu tafiya, masu tatata, da masu rarrafe. Gajeruwar ƙofar ta masu rarrafe ce, mu kuwa tun kakanni a cikinsu aka sa mu. Sunan bai taɓa hana mu barci ba, tunda da shi muke cin tuwo.

Wata shekara sai suka aiko da Maileƙe, wato jami'in da ke zaga ƙasashe yana duba wa ya miƙe, wa ke ƙasa har yanzu. Yana tafe da tantabaru biyu a keji, fara da mai ruwan toka. In ya saki mai ruwan toka ta koma gida, ƙasar tana nan cikin masu rarrafe. In ya saki fara, an miƙe ke nan. Abin da tantabara ta kai kuwa ba mai soke shi sai an sake wani leƙen. Duk wannan daga baya muka sani. Mu dai a lokacin abin da muka gani baƙo ya zo daga nesa.

A Gadambo in baƙo ya sauka, ko gidan ya kwana ba a ɗora tukunya ba, ba zai ga alama ba. Aka aro riguna daga ƙauyuka. Aka yanka ragon da gari ke ji da shi. Gwaggo Lanti ta tuƙa tuwo, miya tana ninkaya cikin mai. Mutumin ya tambayi kowa yaya gida, kowa ya ce lafiya lau. Ya tambayi wani tsoho da tari ke neman kayar da shi yaya jiki, ya ce sai godiya. Ya ci har ya sassauta ɗamara, ya yi gyatsa, ya buɗe keji ya saki farar tantabara. Muka yi ta tafi, a zatonmu wata al'adar ban kwana ce tasu.

Fataken da suka tafi bayan nan da kayansu suka dawo. An toshe mana gajeruwar ƙofa, an ce mun girma, ana taya mu murna. Ta babbar ƙofa kuwa in an kwashe rabi, ragowar ba ya biyan wahalar jaki. Fatake suka ɗauke ƙafa. Mai ya taru a ɗakuna har ya fara wari, murnar girman da aka yi mana ta kai yara suna kwana da ganyen tafasa. Ana cikin haka masu sayen gawayi suka ɓullo daga maƙwabta, suna cewa ba iccen da ya kai kaɗanya gawayi mai kyau.

Cindo, ɗan Gwaggo Lanti, taubashina, shi ya fara wasa gatari. Na same shi a tsakar gida ya duƙufa a kan dutse, na ce, "Taubashi, wa za a yi wa aski da wannan?"

Ya ce, "Kai, in ka tsaya. Nomau, bar wasa yau. 'Ya'yana sun manta ɗanɗanon gishiri."

Gwaggo ta fito ta tsaya tsakaninsa da ƙofa. Ta ce, "Cindo, bishiyar da ka sare yau, jikanka ma ba zai ci 'ya'yan madadinta ba."

Ya ce, "Inna, jikan ai sai ubansa ya rayu tukuna."

Ta juyo kaina, kamar yadda ta saba in magana ta ƙare mata. Ta ce, "Kai da yawo ya zame maka sana'a, ka je ka yi mai amfani ko sau ɗaya. Ka je ka ce su buɗe."

Cindo ya jingine gatarin, ya ce zai jira har kaɗe ya sake faɗuwa. In ya faɗi ba a buɗe ƙofar ba, shi da samarin gari za su shiga kurmi, ba mai hana su. Na ɗauki sandata da 'yar ƙwaryar mai, na kama hanya, zuciyata cike da tsoro, don na san taubashina ba ya faɗa ya fasa.

Na keta daji, na keta hamada, har na isa Mashigin Inuwa, wani tsukukun wuri tsakanin duwatsu biyu. Wani ƙato ne ke tsaronsa, tsawonsa ya kai rimi, yana riƙe da igiya da almakashi. Dokarsa ita ce duk abin da ya biyo ka kaya ne, inuwarka kuwa biyo ka take yi. Sai ya auna ta da igiya, in ba ka da abin fansarta ya datse ya jefa a taska. Na ga waɗanda aka yanke wa tasu zaune a gefen hanya, ko ƙarƙashin bishiya suka shiga rana ba ta barinsu. Na raɓe bayan wani dutse na yi zamana har rana ta take tsaka, inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafafuna, sannan na taho ina takawa a hankali.

Ƙaton ya duba gabana, ya duba bayana. Ya ce, "Ina inuwarka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu mutanen Gadambo ba mu kai ga mallakar inuwa ba tukuna."

Ya ce, "Ba ku ne aka ce kun miƙe ba?"

Na ce, "An ce."

Ya yi tsaki ya ɗaga mini igiya, na wuce da sauri kafin rana ta karkata.

Teku kuwa a bayan wata ƙatuwar kififiya na haye shi, wadda ba ta motsi sai ana yabonta. In ka yi shiru don ka haɗiyi yawu sai ta fara nutsewa. Na yabi ƙoƙon bayanta, na yabi iyayenta, na yabi haƙurinta da adalcinta, har na koma yabon abubuwan da ba ta da su, a nan ne ma ta fi sauri. Muryata ta dushe kafin mu kai gaɓa, amma horon ya yi mini rana a inda na dosa.

Birnin Kyarma ganuwarsa ta ƙanƙara ce, mutanensa suna magana baki a tsuke don kada leɓe ya tsage. Aka nuna mini wani fili da ake kira Dandalin Za-a-duba, inda jakadun ƙasashe ke jira. Na zauna kusa da wani dattijo daga ƙasar masu gishiri, tsuntsuwa ta yi sheƙa a gemunsa har ta ƙyanƙyashe. Ya ce mini yana saurayi ya zo.

Na ce, "Baba, me ya hana ka komawa gida?"

Ya ce, "An ce mini maganata tana kan hanya."

Shi ya bayyana mini yadda ake mulkin birnin. Zaure biyu ne, na Dama da na Hagu, ba a yin komai sai duka biyun sun ce to. Su kuwa tun da aka gina su ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba. In Dama ta ce gari ya waye, Hagu sai ta kunna fitila. Na dubi gemun dattijon, na tuna gatarin Cindo, na ga ni ba ni da shekarun da zan ba tsuntsaye.

Na je Zauren Dama, na faɗi na yi gaisuwa irin wadda kififiya ta koya mini. Na ce wa shugabansu, "Ranka ya daɗe, ba roƙo na zo ba, sallama na zo yi. Na ji mutanen Hagu sun rantse muddin suna numfashi ba za a sake duba maganar Gadambo ba."

Idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Su suka ce haka?"

Na ce, "Ni baƙo ne, abin da na ji a gari na faɗa."

Kafin in miƙe kowane hannu a zauren ya tashi sama, an yarda a duba maganar Gadambo. Na fita da gudu na zaga Zauren Hagu, na kai musu irin wannan gaisuwa da irin wannan labari, su ma suka ɗaga hannu har da masu ɗaga biyu. Da amsoshin suka haɗu a tsakiya, birnin ya ruɗe. Kowane zaure ya ce ɗayan ya sace masa ra'ayi. Amma an riga an faɗa a bainar jama'a, ba damar janyewa.

Kada ku ce an buɗe ƙofa. Manya ba sa buɗe ƙofa haka kawai, sai dai su aika a dubo ko ta cancanci buɗewa. Aka ce za a haɗa ni da sabon Maileƙe. Don godiya na miƙa wa shugaban Dama 'yar ƙwaryar man da na zo da ita. Ya lakata ya shafa a leɓe, ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba, babu ko ɗigon jini. Sannan ya dube ni ya ce, "Kun dai ga irin alherin da muke yi muku." Na ce mun gani.

Sabon Maileƙen sunansa Tirmis, siriri, mai gaskiya, irin gaskiyar nan mai ban tsoro ta wanda bai taɓa fita gari ba. Talauci a makaranta ya karanta shi, ya kuma ci jarrabawa da yabo, amma a zanen bango kaɗai ya taɓa ganinsa. A hanya ya yi ta koya mini alamominsa, ni da aka haifa a ciki, cewa akwai ƙuda, akwai tsumma, akwai kuka, akwai tukunya a kife. Na yi ta gyaɗa kai ina haddacewa.

Da muka hango Gadambo hadari ya fara haɗuwa a gabas, kaɗe ya nuna, har na ga 'yan ƙwayoyin farko a ƙasa. Na zaunar da Tirmis a gindin wata tsamiya na ce ya huta, na ruga cikin gari na tara mutane.

Na ce, "Jama'a, ba ƙarya na ce ku yi ba. Ku dai bar baƙon ya ga abin da ke akwai."

Ashe da ƙarya na roƙa da ta fi sauƙi. Tuni labarin baƙo ya riga ni, mata sun share ƙofar gida, maza sun aika aron riguna. Wani dattijo ya ce, "Yanzu, Nomau, mu kwance zanenmu a gaban baƙo? Da wane ido za mu dubi juna gobe?" Surutu ya kaure, sai da Cindo ya miƙe da gatarinsa a kafaɗa ya ce duk wanda ya ce wa baƙon nan lafiya lau, bishiyar da matarsa ke tsinta a ƙarƙashinta zai fara sarewa. Nan gardama ta ƙare. Ban taɓa son taubashina kamar ranar ba.

Saura Gwaggo Lanti. Na same ta tana wanke babbar tukunya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Me baƙon naka ke ci?"

Na ce, "Ba komai, Gwaggo. Ruwa za a ba shi."

Ta ce, "Ruwa da me?"

Na ce, "Ruwa da ruwa."

Ta ajiye tukunyar. Ta ce, "A zaurena?"

Na ce, "A zaurenki, don a nan Maileƙen farko ya ci ya kashe mu."

Ta ce, "Nomau, a shekarar fari aka haife ni, ranar ma an ce baƙo ya ci tuwo a gidan nan. Sai a kaina za a fara?"

Na ce, "Gwaggo, ko tuwo ko kurmi. Ba ni na tsara haka ba."

Ta daɗe tana kallona, kallon da ya sa na ji dama a Mashigin Inuwa aka datse ni gaba ɗaya. Sannan ta kife tukunyar ta shige ɗaki.

Na shigo da Tirmis ya zaga gari, abin kuwa bai yi kyau ba. Ƙudanmu sun yi masa kaɗan, don mutanenmu ko ba su ci ba sai sun yi shara. Tsummanmu a wanke suke, an yi musu faci. Yara maimakon kuka sai suka durƙusa suna gaishe shi. Ya tambayi wani magidanci yaya gida. Mutumin ya dubi baƙo, ya dubi gatarin Cindo, da ƙyar ya ce, "To, da sauƙi." Iyakar ƙorafin da ɗan Gadambo ya iya ke nan. Na ga Tirmis yana shafa keji ta wajen farar tantabara.

Ya ce, "Gaskiya ban ga abin da aka koya mana ba. Saura abinci, shi ne gwajin ƙarshe."

Muka shiga zauren Gwaggo, mutanen gari suka cika ƙofa. Ta fito da ƙwarya a hannu, ruwa ne zalla, ko garin da za a kaɗa a ciki babu. Ta durƙusa a gabansa, ta miƙa masa. Ta buɗe baki za ta ce bisimilla, maganar ta ƙi fita. Sai hawaye. Matar da ta binne miji da ƙane ban ga hawayenta ba, ga ta tana kuka a gaban jama'a saboda ƙwaryar ruwa.

Fuskar Tirmis ta washe. Ya ce, "Yauwa, wannan shi ne. Haka yake a zanen, tsohuwa da ƙwarya tana kukan yunwa." Ya miƙe ya fita tsakar gida, ya buɗe keji, ya saki mai ruwan toka. Ban gyara masa ba. Kunya ce ta sa ta kuka, amma ba a koya musu wannan a makaranta ba, ni kuwa ba malaminsa ba ne.

Gwaggo ta share ido da gefen zane, ta bi tantabarar da kallo har ta ɓace. Sannan ta ce, "Ɗana, ana iya kiran tsuntsuwar nan ta dawo?"

Ya ce, "Iya, ko shugabannin zaure biyu ba su isa ba."

Ta ce, "To zauna."

Ta shige ciki. Jim kaɗan muka ji taɓarya tana sauka a turmi, sai hayaƙi, sai ƙamshi. Ba wanda ya motsa daga ƙofar. Can ta fito da akushi, tuwon gero da miyar kuka, ta ajiye a gabansa, wannan karon bisimillarta ta fita sarai. Yunwar hanya ta ci shi, ya sa hannu ya yi ta kai loma. Sai da ya ci rabi sannan hankalinsa ya dawo, ya ɗago a firgice.

Ya ce, "Iya, ashe kuna da hatsi? Yaudarata aka yi ke nan?"

Ta ce, "Iri ne, ɗana. Wanda na ajiye don shuka."

Lomar ta tsaya masa a hannu. Ya dubi ƙofa, inda hadari ya riga ya yi baƙi, ya dubi akushin.

Ta ce, "Cinye. Wanda ya zo kafinka ma iri ya ci, bai tambaya ba."

Ya cinye, don ba ta bar masa wata hanya ba, amma ban taɓa ganin mutum ya sha wuyar haɗiye tuwo kamarsa ba. Ya tafi, farar tantabararsa tana kejinta.

Aka buɗe mana gajeruwar ƙofa, tare da sanarwar cewa na ɗan lokaci ne, za a sake dubawa, kuma ana sa ran za mu nuna godiya. Muka nuna. Fatake suka dawo suna durƙusawa suna shiga kamar da. Cindo ya rataye gatarinsa, kurmi yana nan tsaye ba a taɓa ko reshe ba. Gonar Gwaggo ce kaɗai ta kwana ba shuka a daminar nan, ciyawa ta cinye ta.

Iyakar abin da ƙafata ta taka idona ya gani ke nan, wanda ya yarda ya yarda, wanda ya ƙi hanya tana nan, ya je ya gani. Mutanen gari sun yi mini kirari, sun ce na ceci kurmi. Gwaggo Lanti kuwa har yau in na shiga gaishe ta, tana kallon bango take amsawa. Ba ta taɓa yi mini maganar gonar ba ko sau ɗaya. Ruwan nan ne ba ta yafe mini ba.